Tafiyar Loma Daga Baki Zuwa Jini: Narkewar Abinci da Cututtukan Ciki a Birnin Yerwa

A harshen Hausa kalma ɗaya ce, wato ciki, take ɗauke da duk abin da ke tsakanin ƙirji da mara, shi ya sa mai ƙwannafi da mai gudawa da mai maƙarƙashiya da wanda maɗaciyarsa ta toshe dukkansu sukan je asibiti da kuka iri ɗaya, cewa ciki ne yake ciwo, alhali kuwa gaɓoɓin da suka tashi musu sun bambanta, haka ma aikinsu da maganinsu. Abin da masana ilimin jiki suke kira tsarin narkar da abinci bututu ne guda mai tsawon kimanin mita 9 idan aka miƙe shi, wanda ya faro daga baki, ya bi ta maƙoshi da tumbi da ƙaramin hanji da babban hanji, ya ƙare a dubura, sannan ga wasu gaɓoɓi a gefensa da suke zuba masa ruwaye, wato maɓuɓɓugan miyau, da hanta tare da maɗaciyarta, da wata tsoka mai laushi da ke kwance a bayan tumbi wadda likitoci suke kira fankiriyas. Narkewa kuwa tana nufin farfasa abinci har ya zama ɓurɓushin da ido ba ya gani, wanda zai iya ratsa bangon hanji ya shiga jini, domin duk abincin da bai ratsa wannan bango ba, ko da an tauna shi an haɗiye, jiki bai ƙaru da shi da komai ba tukuna.

Unguwar Limanti, wadda take cikin tsofaffin unguwannin da ke kewaye da fadar Shehun Borno a Maiduguri, garin da aka kafa da sunan Yerwa a 1907, kuma wadda ta samo sunanta daga limamin gari, ta isa a ɗauki misali daga akushinta, saboda kwano ɗaya na burabuskon gero da miyar kuka, da bandar kifin da ake kawowa daga Baga, da ɗan man shanu a bisa, ya ƙunshi manyan jinsunan abinci uku da hanji yake aiki a kansu. Akwai sitaci a cikin gero, wanda sai an mayar da shi sukari kafin jini ya karɓe shi. Akwai furotin a cikin kifi, wato sinadarin da ake gina tsoka da shi, wanda sai an kwance shi zuwa ƙananan tubalansa. Akwai kuma maiƙo, wanda ya fi sauran wuyar sha'ani da yake ba ya haɗuwa da ruwa. Kowanne daga cikin ukun yana da wurin da ake fara narkar da shi da kuma sinadarin da aka keɓe masa. Waɗannan sinadarai, waɗanda ake kira inzayim, aikinsu shi ne gaggauta yanke abinci ba tare da su kansu sun ƙare ba, kuma kowannensu abu ɗaya kawai yake iya yankawa, kamar mabuɗin da ba ya buɗe kwaɗon da ba nasa ba.

A baki haƙora suna niƙa, harshe yana juyawa, miyau kuma, wanda babban mutum yakan fitar da lita 1 zuwa lita 1 da rabi nasa a kowace rana, yana jiƙa lomar tare da zuba mata inzayim na farko mai yanke sitaci, kuma shi ne dalilin da ya sa gurasa ko tuwon da aka daɗe ana taunawa yakan fara zaƙi. Da zarar an haɗiye, wani ɗan murfi yakan rufe maƙogwaro, wato hanyar iska, don kada abinci ya sauka huhu, kuma gazawar wannan murfi na ɗan lokaci ita ce ƙwarewa. Daga nan lomar ta fita daga ikon mai ita, sai maƙoshi, mai tsawon kimanin santimita 25, ya riƙa matsewa daga sama zuwa ƙasa yana tura ta kamar yadda hannun mai tatsa yake bin hantsar saniya, kuma irin wannan matsa ce take tafiyar da abinci tun daga nan har ƙarshen hanji.

Tumbi jaka ce ta tsoka mai ƙofa biyu, ta sama wadda take hana abin da ya shiga komawa maƙoshi, da ta ƙasa wadda take sakin abinci kaɗan-kaɗan zuwa hanji. Bangonsa yana fitar da ruwa mai tsananin tsami da ake kira asid, wanda ya fi ruwan tsamiya ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma yana da ayyuka biyu, na ɗaya kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar da suka shigo tare da abinci, na biyu kuma tayar da wani inzayim mai suna fefsin, wanda yake fara yanke furotin. A lokaci guda tsokar tumbi tana dama abincin har ya koma kamar kunu mai kauri, aikin da yakan ɗauki sa'o'i 2 zuwa 4, ya kuma fi haka idan abincin ya cika maiƙo. An san yawancin wannan ne tun daga aikin wani likitan sojan Amurka, William Beaumont, wanda ya yi jinyar wani matashi mai suna Alexis St. Martin da harbin bindiga ya huda masa ciki a 1822, raunin ya warke amma ya bar kafa a buɗe har cikin tumbi, ta yadda likitan ya riƙa zura abinci ɗaure da zare yana cirowa yana duba yadda ya narke, ya kuma wallafa abin da ya gani a 1833.

Tambayar da ta kamata a yi a nan ita ce, tunda tumbi kansa nama ne, me ya hana asid da fefsin su narkar da shi kamar yadda suke narkar da kifin da aka ci? Amsar tana cikin wani yauƙi mai kauri da ya lulluɓe bangonsa, mai kama da yauƙin kuɓewa, wanda a ƙarƙashinsa akwai sinadari ɗan gidan kanwa da ke kashe ƙarfin tsami kafin ya taɓa nama, ga kuma ƙwayoyin halittar saman bangon da ake sabunta su cikin 'yan kwanaki. Duk matar da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa don ta rage mata tsami ta riga ta san ƙa'idar da tumbi yake kare kansa da ita. Idan wannan garkuwa ta huje a wani wuri, asid ya isa ga nama ya ci shi, sai a sami gyambon ciki, wanda jama'a suka fi sani da olsa. Idan kuwa ƙofar sama ce ta yi sako-sako, asid ya hau maƙoshi inda babu irin wannan kariya, sai a ji zafi yana tasowa ƙirji, wannan shi ne ƙwannafi, kuma ciwo ne dabam ko da yake ana yawan haɗa su a suna ɗaya.

Imanin da ya yaɗu a Maiduguri da sauran garuruwan Arewa shi ne yunwa ce take kawo olsa, ko yaji, ko yawan tunani, kuma likitocin duniya ma sun daɗe a kan ra'ayi mai kama da wannan. A 1982 ne wasu likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka yi nasarar raino wata ƙwayar cuta mai siffar murɗaɗɗen zare daga bangon tumbin majinyata, wadda daga baya aka sa mata suna Helicobacter pylori, kuma da abokan aikinsu suka ƙi yarda cewa wani abu mai rai zai iya zama a cikin asid, sai Marshall ya shanye ruwan da aka raini ƙwayar a ciki a 1984, ya kamu da kumburin tumbi cikin kwanaki. An ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Dabarar wannan ƙwaya ita ce, takan kutsa cikin yauƙin nan ta kewaye kanta da wani sinadari mai kashe tsami, ta zauna shekara da shekaru tana raunana garkuwar. Sanadi na biyu mafi girma shi ne magungunan kashe zafin jiki irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda leburori da masu tura kura da tsofaffi masu ciwon gwiwa suke saye a kemis ba tare da takardar likita ba, domin suna rage yauƙin da tumbi yake fitarwa. Abin da ya sa zargi ya faɗa kan yunwa kuwa a fili yake, wato gyambon da ke farkon hanji yakan yi zafi ne idan tumbi ya zama wayam, ya lafa idan an ci abinci, saboda haka yunwa tana tone ciwon da yake nan ne tun da farko, kamar yadda masu azumi da dama suke fara gane suna da shi a watan Ramadan.

Birnin Maiduguri yana da suna a tarihin binciken wannan ƙwaya. A farkon shekarun 1990 wani likitan fiɗa ɗan Ingila, Chris Holcombe, tare da abokan aikinsa a Jami'ar Maiduguri da asibitin koyarwarta, sun gwada jinin mutanen wannan yanki, suka tarar kimanin kashi 85 cikin 100 suna ɗauke da alamar kamuwa da ita, kuma mafi yawansu tun suna yara suka kamu. A 1992 Holcombe ya wallafa wata maƙala a mujallar likitoci mai suna Gut, inda ya nuna mamakin yadda ƙwayar ta game mutane a Afirka amma ba a cika samun rahoton sankarar tumbi ba, alhali a wasu ƙasashe an alaƙanta ta da wannan cuta, kuma daga nan masana suka riƙa kiran al'amarin da ɗaurin kan Afirka. Daga baya wasu masu bincike sun ƙalubalanci wannan ra'ayi, suna ganin ƙarancin na'urar leƙa tumbi da ƙarancin rajistar masu sankara su ne suka ɓoye yawan cutar, kuma hujjarsu tana da nauyi ga duk wanda ya san yadda ake mutuwa a gida ba tare da an tantance sanadi ba. Abin da ba a yi jayayya a kansa ba shi ne, ƙwayar tana yaɗuwa ne a cikin iyali da kuma inda ake cunkoso da ƙarancin tsaftataccen ruwa, kuma a cikin masu ɗauke da ita tsiraru ne, wajen mutum 1 ko 2 cikin 10, suke yin gyambo. Maganinta haɗin magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu ne ko fiye, tare da mai rage asid, na tsawon kwana 10 zuwa 14, bayan an yi gwajin bayan gida ko na numfashi. Jiƙon kanwa da farin ruwan magani da ake kurɓa suna kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma ƙwayar tana nan daram.

Duk da wannan suna da tumbi ya yi, abin da yake shiga jini ta bangonsa kaɗan ne ƙwarai, babban aikin yana cikin ƙaramin hanji, wanda aka kira ƙarami saboda siririntarsa, alhali tsawonsa ya kai kimanin mita 6. A gaɓarsa ta farko, wadda likitocin Larabawa suka kira mai yatsu goma sha biyu saboda tsawonta, ruwaye biyu suke tarar abinci. Na ɗaya daga fankiriyas yake, yana ɗauke da sinadarin nan ɗan gidan kanwa wanda yake kashe asid, da inzayim masu yanke sitaci da furotin da maiƙo baki ɗaya. Na biyu shi ne ruwan maɗaciya mai ɗaci, wanda hanta take yi, jakar maɗaciya kuma take ajiyewa ta matso shi idan maiƙo ya iso, kuma aikinsa daidai yake da na sabulu a kwanon da aka ci man shanu, wato yana wargaza maiƙo zuwa ƙananan ɗigo don inzayim ya sami inda zai kama. Yadda fankiriyas take sanin lokacin zubo ruwanta shi ne abin da William Bayliss da Ernest Starling suka gano a Landan a 1902, cewa bangon hanji yana sakin wani sinadarin aike a cikin jini da zarar asid ya taɓa shi, kuma wannan shi ne homon na farko da aka fara ganowa a jikin ɗan Adam da dabba.

Cikin ƙaramin hanji a nannaɗe yake, kuma a lulluɓe da miliyoyin 'yan tsirarrun yatsu masu kama da gashin tawul, kowane ɗaya da jijiyoyin jini a cikinsa, ta yadda idan aka shimfiɗa faɗinsu zai kai kimanin murabba'in mita 30. Ta nan sukari da tubalan furotin da gishiri da bitamin suke ratsawa, jini ya kwashe su kai tsaye zuwa hanta, wadda take tace su, ta ajiye rarar sukari don lokacin buƙata, kuma wannan ajiya ce mai azumi yake fara ci daga asuba zuwa la'asar. A saman waɗannan yatsu ne kuma ake samun inzayim mai yanke sukarin madara, wanda yake raguwa a jikin mafi yawan mutanen duniya bayan yaye, amma yake dawwama a tsakanin al'ummomin da suka daɗe da kiwo, kamar yadda wani bincike da aka wallafa a 1971 ya nuna game da Fulanin Nijeriya idan aka kwatanta su da Yarbawa da Ibo. Wanda ɗanyar madara take kumbura masa ciki yakan sha kindirmo ko nono lafiya, saboda tsamin da suka yi ya riga ya cinye wani kaso na wannan sukari.

Akwai wani lissafi da ba a cika ambata ba, kuma a gari mai zafi irin Maiduguri, inda ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ya fi kowane lissafi muhimmanci. A kowace rana kimanin lita 9 na ruwa ne yake bi ta hanjin babban mutum, amma lita 2 kacal ne daga abin da ya ci ya sha, sauran lita 7 jiki ne ya ranto daga jini a matsayin miyau da ruwan tumbi da na maɗaciya da na fankiriyas da na hanji, da sharaɗin za a mayar masa. Ƙaramin hanji yana mayar da mafi yawa, babban hanji ya tsotse kusan duk abin da ya rage, har ya zama abin da yake fita a bayan gida bai wuce mililita 100 zuwa 200 ba. Gudawa ita ce rushewar wannan rance, kwalara kuwa ita ce mafi muninta, domin ƙwayarta tana sakin dafi da ke tilasta wa bangon hanji zubar da gishiri, ruwa kuma ya bi gishirin, har mai tsananin ciwon ya iya rasa kusan lita guda a cikin sa'a, bayan gidansa fari kamar ruwan wankin shinkafa, idanu su faɗa, jini ya kafe, ya mutu cikin yini ɗaya idan ba a kai masa ɗauki ba. Jihar Borno ta ga wannan a watan Agustan 2017, lokacin da cutar ta ɓulla a sansanin 'yan gudun hijira na Muna Garage, ta sake gani bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a ranar 10 ga Satumban 2024, wadda ruwanta ya mamaye tsakiyar birni har da fadar Shehu da Kasuwar Litinin, ya cakuɗa masai da rijiyoyi, kafin gwamnatin jiha ta sanar da ɓarkewar kwalara a farkon Oktoba. A nan ne ma amfanin asid ɗin tumbi yake ƙara bayyana, domin yana kashe mafi yawan ƙwayoyin kwalara tun a hanya, kuma wanda asid ɗinsa ya ragu, ko don tamowa ko don yawan shan magungunan kashe tsami, ƙwayoyi kaɗan sun isa su kayar da shi.

Maganin wannan asarar ruwa ta gudawa ya fito ne daga fahimtar wata ƙofa guda a bangon ƙaramin hanji, wadda masanin Amurka Robert Crane ya bayyana a 1960, ƙofar da ba ta shigar da sukari sai tare da gishiri, ba ta kuma shigar da gishiri sai tare da sukari, kuma duk inda suka shiga ruwa yana biye da su. Dafin kwalara ba ya taɓa wannan ƙofa, saboda haka ko ana tsakiyar gudawa, ruwan da aka haɗa da gishiri da sukari bisa ma'auni yana shiga jini. A 1971 likitan Indiya Dilip Mahalanabis ya yi amfani da wannan haɗi a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladesh bayan ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare, mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 zuwa ƙasa da kashi 4 cikin 100. Ƙunshin wannan haɗi, wato ORS, da ake rabawa a asibitoci an auna shi ne don lita 1 na tsaftataccen ruwa, kuma inda babu shi ana haɗa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, a shafe ba a tsoro ba, da rabin cokali na gishiri a lita 1. Ma'aunin ba abin wasa ba ne, domin sukarin da ya yi yawa, kamar na lemon kwalba, yana jawo ruwa daga jini zuwa hanji ya ƙara gudawar, gishirin da ya yi yawa kuma yana da haɗari ga jarirai. Ga yara ana haɗawa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, ana kuma ci gaba da ba su nono da abinci, saɓanin al'adar hana mai gudawa ci da sunan hutar da ciki, alhali bangon hanji daga abincin da ke wucewa yake samun abin gyara kansa.

Abin da ya tsira daga ƙaramin hanji, wato dusar gero da zaren ganyen kuka da ɓawon wake, yana shiga babban hanji mai tsawon kimanin mita 1 da rabi, inda tiriliyoyin ƙwayoyin bakteriya marasa cutarwa suke zaune suna ruɓar da shi, suna samar da abincin da bangon hanjin yake rayuwa a kai, da wani kaso na bitamin K, da kuma iskar da mai cin ƙosai da alale ya saba da ita. Gwargwadon yadda aka surfe hatsi aka raba shi da dusarsa, aka kuma rage shan ruwa, gwargwadon yadda bayan gida yake bushewa ya jinkirta, kuma yawan yunƙuri a masai shi ne yake kumbura jijiyoyin dubura su zama basir, ciwon da masu tallar magani a mota suke jingina masa kusan kowace irin kasala, suna sayar da jiƙon da galibi aikinsa wanke ciki ne kawai. Daga haɗiye loma zuwa fitar ragowarta akan ɗauki kwana 1 zuwa 3, kuma launin abin da ya fita yana ba da labarin hanyar da ya biyo, domin ruwan maɗaciya ne yake ba shi launin ƙasa-ƙasa da aka saba gani. Idan ya fito fari-fari kamar farar ƙasa tare da shawara a ido, alama ce hanyar maɗaciya ta toshe, idan kuma ya fito baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta a jikin wanda ba ya shan maganin ƙarin jini, to jini ne ya zuba a tumbi ko farkon hanji ya narke a hanya, kuma wannan yana buƙatar ganin likita a ranar.